Tirelar Baba Tana In'ina

Makullin motar yana cikin jakar Auta tun ranar da Baba ya goge katangar maƙwabci da gefen mota, ya fito yana tambayar wanda ya matso da ginin. Kafin nan likitan ido ya riga ya faɗi nasa. Baba ya ce likitan yaro ne, lokacin da shi ya fara jan tirela ko auren uwar likitan ba a yi ba.

A kan titi ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da ya ajiye tirela, 'yar ƙaramar motar gida ce ta rage masa, yanzu ita ma ga ta a tsakar gida an lulluɓe da tamfol. Zama bai karɓe shi ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba har ya fara ɗiga. Ya kwance keken ɗinkin Mama ya mayar, kusoshi suka yi saura a hannunsa, ya ce dama kamfani ne ya sa su don ado. Mama ta ja Auta gefe ta ce ta nemo wa ubanta abin yi tun bai hau rufi ba.

Aikin Auta ke nan a ofishinsu, haɗa kwamfuta da lallashin ta. Ta tattaro kaya ta haɗa guda a ɗakin da yayanta ya bari, ta ɗaure sitiyari a bakin tebur, ta ajiye totur da birki a ƙasa, giya a dama, ta sa wasan tuƙin manyan motoci. Baba ya leƙo ya ce shi ba ya wasan yara. Ya zauna don kawai ya nuna mata kujerar ta yi ƙasa. Abincinsa ya huce a falo, aka ɗumama, ya sake hucewa.

Washegari shi da kansa ya kawo sharaɗi, ya kira Mama ta zama shaida. Muddin wannan tirelar tana tafiya lafiya, ba zai ƙara maganar makulli ba. Ranar da ta gaza, a ba shi abinsa ba tare da dogon turanci ba. Auta ta amince nan take. Ita ta haɗa na'urar da hannunta, ta san abin da ta zuba a ciki.

An ɗan samu zaman lafiya. Da safe Baba yakan sa hula ya shiga ɗaki ya ce ya tafi aiki. Daga kicin Mama tana jin sa yana zagin ƙananan motoci.

Sai tirela ta fara in'ina.

Auta tana ofis ya kira ta. Ya ce mota tana cikin gudu sai titi ya ƙame, bishiyoyi su tsaya cak, kafin ya ƙifta ido ta yi tsalle ta faɗa rami da lodin mutane. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa kayar da kaya ba sai a motarta. Da ta dawo ta kunna 'yar lambar nan ta kusurwar allo, mai nuna hotuna nawa na'urar ke zubowa a daƙiƙa ɗaya. Ta ja tirelar da kanta. Lamba ta tsaya a sittin, titi yana zuwa sumul.

"Tsoronki take ji, Injiniya," in ji Baba daga bakin ƙofa. "Mota ta san bakanike."

Ba ya kiran ta Injiniya sai yana jin daɗi.

Kwana ya zagayo, ya sa Mama ta riƙe masa waya ta ɗauki allon, aka turo mata. Ba ƙarya ya yi ba. Lambar ta faɗo ƙasa da ashirin, hoton yana yankewa, tirela tana rarrafe tana zabura. A ƙarshen bidiyon muryar Baba ta fito yana cewa a gaida masu ilimi.

Ta fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ta sabunta manhajar katin hoto. Ta rage inuwa, ta rage ciyawar bakin titi, ta kashe ƙyallin ruwa a kan kwalta. Baba ya ce yanzu duniyar ta koma kamar an wanke ta da omo, kuma in'inar tana nan. Ta rufe duk wani abu da ke aiki a ɓoye a bayan wasan. Ta bincika ko ƙwayar cuta ce, ba ta samu ba. Ta goge wasan ta sake sawa, garin haka lodin katakon da ya kwana biyu yana ja ya ɓace, ya yini bai amsa gaisuwarta ba. Ta canza wayar allo. Ta zargi wutar gidan, ta zargi sitiyarin, ta kai ga zargin kanta. Duk lokacin da ta zauna, sittin. Duk lokacin da ta fita, sai a turo bidiyo.

A tsakiyar mako Baba ya yaye tamfol. Ya wanke motar ciki da waje, ya ba tayoyi iska, ya ciro batir ya kai caji. Yana goge gilashi yana 'yar waƙa. A wurin cin abinci ya sanar cewa ranar Asabar zai leƙa tasha ya gaisa da tsofaffin abokai, da kansa, tunda ga shaida nan zaune. Mama ta dubi Auta. Auta ta dubi farantinta. Hanyar tasha ta ratsa gaban makarantar firamare da kasuwa, kuma idon Baba na hagu ba ya ganin komai sai abin da ya zo gabansa sosai.

Ranar Alhamis ta fita da jakarta kamar kullum, ta zaga ta sha shayi a bakin titi, ta dawo. Tun daga tsakar gida ta ji kukan fanka, irin kukan da ba ta taɓa ji daga na'urar ba. Ta tura ƙofar ɗakin. Allon yana ta yankewa, ɗakin yana warin roba mai zafi. Ta miƙa hannu za ta taɓa akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, gwiwar Baba ta riga ta isa wurin.

Ya tambaye ta ko an kore ta daga aiki ne. Ya ce tunda ta zo, ta ɗauko masa ɗaya tabaran a ɗakin Mama, kan durowa, ko cikin durowa, ko dai aljihun rigar jiya. Ta je. Tabaran suna wuyansa a rataye, ta gani tun shigowarta, amma ta je. Da ta dawo fanka ta fara sassauta murya, lambar kusurwa tana hawa, Baba yana zaune ya gyara wuyan riga.

Zafi ne ke nan. Na'ura idan ta yi zafi takan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, hoto ya fara tsinkewa. Wannan ta sani. Abin da ba ta gane ba shi ne yadda akwati mai fanka uku a gaba zai yi zafi da safe ya huce da yamma.

Mama ce ta ba ta amsa ba da niyya ba. Tana kicin tana mita, wai ɓeran gidan nan ya yi makaranta. Ta nuna mata kwalin da take ajiye sabulu. An yanke masa gefe guda, murabba'i, layi a miƙe kamar an sa ma'auni.

Auta ta jira Baba ya shiga wanka. Ta ɗaga matashin kujerarsa. Ga kwalin nan, an zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada ya maƙale, an huda sama an sa 'yar waya an lanƙwasa ta yadda yatsa ɗaya zai zaro shi. Ta zura shi ta bayan ragar gaban akwatin. Ya shige daidai, ya toshe fankokin nan uku ruf, daga waje ba a ganin komai. Sai ta tuna hirarsa tun suna yara, yadda a hanyoyin kan dutse masu sanyi direbobi ke sa kwali a gaban lagireto, inda iska ke shiga ta sanyaya mota, don inji ya riƙe zafi. Bai san manhaja ba, bai san katin hoto ba. Ya dai ga abu mai fanka yana shan iska ta gaba, ya san inda ake shaƙe shi.

Ta kai wa Mama. Mama ta juya kwalin, ta ga sunan sabulunta a baya, ta zauna a kan buhu tana dariya har da hawaye.

"Ni da nake riƙe masa waya," ta ce. "Har ina taya shi Allah-wadai da na'urar."

Ta so a je a tsare shi yanzu. Auta ta ce a'a. Idan aka kama shi zai ce gwaji yake yi, gobe kuma ya nemo wata dabara, shi da ke da yini guda ita tana ofis. Ta mayar da kwalin ƙarƙashin matashi.

Asabar da safe Baba ya fito da sabuwar riga, yana ƙamshin turare. Ya tarar an ɗora akwatin kwamfutar a kan tebur, an cire murfin gefe, fankoki suna juyawa a fili kowa yana gani. Auta ta kawo masa shayi, ta shimfiɗa kwalin a gabansa, ta ɗora kofin a kai.

Ya dubi kwalin. Ya ɗaga kofin ya kurɓa, ya ce sukari bai ji ba.

Ta ciro makullin ta ajiye kusa da sitiyari. Ta ce tsohon sharaɗi ya mutu, kuma ba sai an faɗi wanda ya kashe shi ba. Ga sabo. Tafiya ɗaya, da rana, ba ruwa ba hazo, daga ma'ajiya zuwa ma'ajiya. Idan ya kai lodi bai taɓa komai ba, makulli nasa ne, ita da Mama ba za su ƙara cewa uffan ba.

Mama ta harari Auta daga bakin ƙofa.

"Uwata," in ji Baba, yana naɗe hannun riga, "kin yi wauta."

Kafin ya fita daga garin farko ta fara yarda da shi. Bai taɓa tuƙi haka a gabanta ba. Ya bar zagi, ya bar waƙa. Yana sauya giya ba a jin sauyin. Ya shiga wata kwana mai tsanani, tirela ta bi shi kamar an zana mata layi. Ya ba motar gabansa tazara, ya sa sigina tun da nisa, a gangare ya riƙe ta da giya bai taɓa birki ba. Lambar kusurwa ba ta motsa daga sittin ba. Auta ta tsaya a bayansa tana tunanin gaban makarantar firamare. Idonta ya sauka kan kwalin da ke ƙarƙashin kofi, ya koma kan fankoki. Wayar wutar ma tana dab da ƙafarta. Ta harɗe hannuwa a ƙirji ta matsa baya.

Ma'ajiyar ta bayyana a can gaba, ta hagu. Baba ya yi gyaran murya, ya ce wa Mama ta fara neman mayafi idan tana son a sauke ta kasuwa. Ya sa sigina. Ya dubi madubin hagu, dubawa ta sosai, har ya juya kai. Wata 'yar mota ruwan toka tana nan a gefensa tun fitowarsu daga kwanar ƙarshe. Ya karya sitiyari ya hau ta.

Ƙarar ta cika ɗakin. Sitiyarin ya girgiza a hannunsa ya tsaya.

Fankoki suna juyawa a hankali. Baba ya matso da fuska kusa da allo, ya ƙanƙance ido wajen kusurwa.

"Nawa ta nuna?"

"Sittin, Baba."

Ya ce direban 'yar motar jaki ne, a ƙwace lasisinsa. Ya zauna yana kallon motar da ta maƙale a ƙarƙashin tirelarsa.

"Daga ina ta fito?"

"Tun daga kwana take gefenka."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya shanye shayin da ya huce. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya tura makullin a kan tebur har ya tsaya a gaban Auta. Ya ce mota ta sha wanki, batir ya cika, ba za a yi asarar wahalarsa ba. Ta tashi ta kai shi tasha.

A gaba ya zauna, gwiwar hannu a kan taga. Tun kafin su fita daga layi ya ce ta cika matse sitiyari kamar za a ƙwace mata, ta bar hawa kan kulochi, kuma wanda ya koya mata ribas ya cuce ta. A gaban makaranta ya ce ta rage gudu, ta riga ta rage. Da suka hango manyan motoci jere a bakin tasha ya gyara hula, ya rage murya.

"Idan sun tambaya, koya miki nake yi."

"To, Baba."

"Ki yi kuskure ɗaya a gabansu. Ƙarami. Zan gyara miki."

Ta sa sigina ta dama, ta shiga hagu.