Ranar Da Aka Zo Duba Asibiti

Tun da hantsi Tela ya jera riguna uku a ƙofar shagonsa, dukkansu ɗinkin da masu shi suka bar garin ba su dawo sun karɓa ba. Haka aka yanke a taron dattawa: baƙi za su zo daga birni su duba ko ƙaramin asibitin garin ya cancanci a bar shi, don haka kowa ya buɗe shago, ko da babu komai a ciki, kada a ce gari ya mutu.

Garin kuwa ya taɓa yin tashe. Lokacin da injin gurzar auduga ke aiki, jirgin ƙasa sau biyu yake tsayawa a rana, Tela da kekuna huɗu yake ɗinki, har yana korar aiki. Da aka kwance injin, sai matasa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu awaki ne ke kwana a tasha.

Tsohon Direba, wanda ya fi kowa baki a taron, shi ya kawo shawarar cewa marasa lafiya su zauna a gida ranar. A cewarsa abin kunya ne baƙo ya tarar da guragu da masu tari zube a baranda, sai a ɗauka garin kufai ne. Aka yi ta gyaɗa kai. Tela ya so ya ce wani abu, don kullum da safe a baro yake tura matarsa a wanke mata gyambon da ciwon suga ya bar mata a ƙafa. Amma Mai Aski ya riga shi, yana tsokanarsa wai ranar dai baro zai huta, aka bushe da dariya, Tela ma ya yi.

Baƙin su biyu ne, da farar mota. Nas ɗin, wadda ita kaɗai ta rage a asibitin, ta dage su ƙara jira ko wani zai zo. Suka zauna awa biyu a kan bencin da aka goge. Gadaje shida, zanuwa fes, ba kowa. Da suka fito Direba ya tare su da fara'a, ya shaida musu cewa su a nan ko ciwon kai ba su sani ba. Babban cikinsu ya yaba, ya rubuta.

Bayan sati uku takardar rufe asibitin ta zo. Tela ya tarar da nas tana ɗaure kwalaye. Ta zaunar da shi, ta nuna masa yadda zai wanke ciwon daga tsakiya zuwa baki, sau biyu, har ya iya. Sannan ta zuba masa auduga da bandeji a leda.

"Wannan zai kai ka kwana goma, Baba, in ka yi tattali."

"To bayan nan fa, 'yata?"

Ta ce asibitin birni na da kyau, kuma motar kasuwa takan biyo duk ranar Talata idan ta sami fasinja.

Ya yi mata godiya sosai. A gida ya tarar da tsohuwar ta riga ta kwance ƙafar, ta ɗora ta a kan kujera, tana jira.