Muka Ce Sabis Ne

Ni fa ba son karatu ne ya kai ni neman digiri ba, haushi ne. Na tsufa a aikin jinya da difloma, yaran da na koya wa neman jijiya a hannun jariri su ne yanzu suke tsara mini ranakun aiki, don kawai suna da digiri. Ranar da wata cikinsu ta ce mini, "Anti, ki riƙa zuwa da wuri mana," na ce shi ke nan, tura ta kai bango. Ba zan iya ajiye aiki in koma aji ba, ga yara ga maigida, sai dai karatu ta intanet.

Na tace na tace, makarantu biyu suka rage. Ɗaya bidiyo suke ɗorawa, ka kalla lokacin da ka ga dama. Ɗayar kuwa malami ke zama kai tsaye, yana ganinku kuna ganinsa. Hankalina ya fi kwanciya da ta farkon, don nas ba ta da lokacin kanta. Sai dai ta biyun suna da wata yarinya a ofishin ɗaukar ɗalibai da na ba lambata bisa tsautsayi. Kullum sai ta kira, har suna na sa mata a waya, Ƙarfen Ƙafa. Ita ta matsa mini in shiga darasin gwaji, in gani da idona kafin in zaɓa.

Ranar na tashi aikin safe ban wuce gida ba. Na zauna a ɗakin hutunmu, kusa da firijin nan mai gurnani, na jingina kwamfuta da butar shayi. Abokiyar aikina da muke kira Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa, ta jawo kujera ta zauna kallon banza.

Allon ya cika da ƙananan hotuna, kowa da fuskarsa. Nas-nas ne zalla, maza da mata, wata da farin kaya, wani a cikin mota, wata tana goye da yaro. Malamar ta manyanta, tana da gilashi, a bayanta akwai kantar littattafai da ƙofa a rufe da fanka ta tsaye. Ta gaishe mu da murya tas. Ta ce za ta rufe makirfon kowa saboda hayaniya, mai tambaya ya rubuta a gefe, za ta duba in ta gama.

Ba a yi nisa ba maganarta ta fara tsinkewa. Ta ɗauko kalma ta sake ta, ta kamo wata da ba ita ba. A gefe aka fara rubutu. "Malama ba ma jin ki sosai." "Malama sabis ɗinki." Wani ya turo hoton fuska mai dariya, wasu suka bi shi.

Rediyo ta ce, "Nan za ki yi digirin? Malamar ma sabis ya fi ƙarfinta. Dubi fuskar, rabi ya tafi rabi yana hanya."

Na yi dariya, don gaskiya haka ta zama. Gefe ɗaya na bakin yana motsi, ɗayan ya tsaya cak. Wa bai taɓa ganin hoto ya daskare a kiran bidiyo ba? Har na ce a raina an raba gardama, makarantar bidiyo zan yi. Muka ci gaba da hira da Rediyo, darasi yana tafiya a haka.

Can Malama ta miƙa hannun dama za ta ɗauki kofi. Hannun ya je, ya kasa kamawa, kofin ya kife a kan tebur. Ta bi hannun da kallo kamar na wani ne. Idona ya kai kan fankar da ke bayanta, tana juyawa lafiya lau, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

"Innalillahi! Rediyo, in hoto ne ya daskare, me ya sa fanka take juyawa?"

Rediyo ta ajiye shayinta. Ban taɓa ganin bakinta a buɗe babu magana ba sai ranar. Da ƙyar ta ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce."

Na danna makirfo, a rufe, kuma mai buɗewar ita ce ke mutuwa a gabanmu. Na rubuta a gefe da manyan baƙaƙe cewa ba sabis ba ne, jini ne ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa, wa ya san gidanta? Babu wanda ya sani. Ko garin da take ba mu sani ba. Fuskoki suka matso kusa da allo, wata ta dafe kai, na cikin motar yana ta ɗaga hannu kamar za ta ji shi. Ita kuwa baiwar Allah tana ta ƙoƙarin karanta layin da ke gabanta, miyau yana bin gefen bakinta.

Na lalubo Ƙarfen Ƙafa na kira. Ta ɗauka da murna. "Anti! Kin yanke shawara ke nan? Akwai rangwame ga wanda..."

"Ke rufe mini baki! Malamarku tana mutuwa a cikin darasi. Ki nemo mijinta ko maƙwabci ko duk wanda ke kusa, yanzun nan!"

"Anti, ai ba a ba mu izinin ba da lambar malamai..."

"Na ce ki ba ni? Ke za ki kira! In matar nan ta mutu kina mini dokar ofis, wallahi ba zan yafe miki ba."

Allah ya yi mata albarka, ta ji. Muna kallo Malama ta sulale gefe, kanta ya kwanta a hannun kujera, gilashin ya zame. Ido ɗaya yana kallonmu. Ni da na rufe idon gawa ba adadi, na kasa kallon allon, na kuma kasa ɗauke kai.

Ƙofar bayanta ta buɗe da ƙarfi. Wani dattijo ya shigo da singileti, hannunsa duk kumfar sabulu, ashe mijinta ne, yana waje yana wanke mota. Daidai nan yarinyar ofis ta shigo darasin ta buɗe mana makirfo. Na yi ihu kafin kowa. "Malam, kwantar da ita ta gefe! Kada ka ba ta ruwa, ko ɗigo! Babban asibiti za ka kai ta, inda ake hoton ƙwaƙwalwa!"

Ya kwantar da ita yana kiran maƙwabta. Sannan ya sunkuyo kan allon yana haki. "Za su tambaye ni. Tun yaushe take haka?"

Idonsa ya sauka kan rubutun gefe, na ga yana bin sa sama, layi bayan layi, har hotunan dariyar. Ya ɗago ya dube mu.

"Ku duka nas-nas ne?"

Kyamarori suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni na bar tawa, don dole wani ya ba shi amsa. Na ce, "Tun farkon darasi, Malam. Ka gaya wa likita haka."

Maza biyu suka shigo suka taya shi ɗaukarta, aka bar mu da kujera da kofi a kife.

Kwanaki ban iya buɗe kwamfutar ba. Da yarinyar ofis ta sake kira, ko maganar rajista ba ta yi ba. Ta ce Malama tana raye, tana gane mutane, hannun ma ya fara motsi. Na tambaya ko maganarta za ta dawo. Ta ce likita ya ce kada su sa rai, makaranta har ta ba wani malami ajin. Na zauna a bakin gadon asibitin da nake shimfiɗawa, zanin yana hannuna. Abin da muka zauna muna yi wa dariya, darasinta na ƙarshe ne.