Ranar da Gwaggo Ta Ƙi Motsi

Birkin da Auta ya taka sai da kan Baba ya zame daga cinyar Yaya. Hanya babu ita. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya zaftaro gefen tudu, laka da duwatsu da wata bishiya mai saiwa a sama sun kwanta a kan titi tun daga gindin tudun har bakin kwari. Hanya ɗaya ce daga gidansu zuwa asibiti, ita ce kuwa wannan.

Mama, a kujerar gaba, ta ɗora hannu a ka. Yaya ta ce, "Auta, numfashinsa fa sama-sama yake. Yi wani abu!"

Baba ya buɗe ido da ƙyar. "Gwaggo," ya ce.

Auta ya sa giyar baya, bai tsaya juyawa ba, har bakin rumfar da ke gefen gida.

Gwaggo tsohuwar katafilar Baba ce, mai tafiya a kan sarƙa, da garmar tura ƙasa a gaba. Tun suna yara ya ce ta girme su duka, don haka su riƙa gaishe ta da ladabi, sunan kuma ya bi ta. Da ita ya ciyar da su, da ita ya fasa wannan hanyar ma. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi ba wanda ya fita da ita. Auta tela ne, a gari yake ɗinki, tuƙinta kawai ya iya. Duk zuwan da zai yi gida yakan wanke ta, ya tayar da injin, don Baba ya ji ƙararta daga ɗaki ya yi murmushi.

Bugu ɗaya ta tashi. Baƙin hayaƙi ya cika rumfar. Auta ya ɗaga garma, ya sa giya, ya ja kuloci.

Ko gezau.

Ya ƙara wuta. Injin ya yi ruri, jikin ƙarfen duka yana karkarwa, sarƙoƙin suka ɗan yi tsalle wuri ɗaya suka kwanta. Ya duba makullin birki, a sake yake. Ya canza giya, ya gwada baya. Ya diro ya zagaya ta ko dutse ya maƙale a sarƙa, babu. Ya ɗaga farantin ƙasan kujera, ga sandar da ke kai ƙarfi baya tana juyawa lafiya lau. Ƙarfi yana shiga, ba ya fita.

"Haba Gwaggo," ya ce. "Yau? Yau za ki yi mana haka?"

Yaya ta leƙo ta tagar mota. "Yana kiranka!"

Auta ya durƙusa a bakin ƙofar motar. Leɓen Baba sun yi fari, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Leƙa ƙasanta," Baba ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ta baya. Akwai ɗigon mai?"

"Babu, Baba. Fes take. Ramukan nan biyu da ke yoyo, masu 'yar waya a rataye, ai na toshe su da noti tun kwanakin baya. Na ga tana ɓata rumfa."

Baba ya lumshe ido. Wani abu kamar dariya ya taso masa, ya koma tari. "Tela ke nan. Bai iya ganin rami bai ɗinke ba."

"Baba, mene ne?"

"Ni na bar su a buɗe. Ta tsufa, mai yana sulalawa cikin ɗakin kulocin sarƙa. Ta nan yake fita. Wayar, don kada laka ta toshe. Ka rufe, ya taru, fayafayan kulocin sun jiƙe. Santsi suke yi."

Auta ya yunƙura zai koma rumfa.

"Kwance notocin. Ka zuba kananzir ta sama. Ka wanke." Baba ya kama yatsansa. "Kada ka tsaya kuka, ba lokaci."

Ya shige ƙarƙashinta da sifana, bayansa a cikin laka. Notin farko ya ƙi, don da ƙarfinsa duka ya ɗaure shi ranar nan, yana jin daɗin kansa. Ya sa ƙafa ya tokare. Da ya kwance, baƙin mai ya kwararo masa a hannu, ya bi ta hammata har ƙirji. Na biyu ma haka. Ya ɗauko jarkar kananzir, ya buɗe murafan sama, ya tuttula, ya hau ya yi ta jan libobin juya sarƙa yana saki, ya bari ya tsiyaye, ya sake zubawa. Ruwan da ke fita ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa. Daga mota yana jin Mama tana kiran sunan Allah a hankali, ba ta tsayawa.

Ya ja kuloci. Sarƙar hagu ta yi ƙara, ta kama. Ta dama ta yi santsi, ta yi santsi, sannan ta bi 'yar'uwarta. Gwaggo ta fito daga rumfa tana ƙaraurau.

Bai waiwaya ba. Ya kai ta bakin zaftarewar, ya sauke garma. Laka ta naɗe ta gangara kwari. Bishiyar ta yi gardama, ya ja baya ya sake dukanta daga gindi yadda ya sha ganin Baba yana yi. Rana ta ɗago, hannuwansa sun sage, amma ga baƙin titi yana fitowa, faɗin mota ɗaya. Ya ture dutsen ƙarshe, ya miƙe tsaye a kan kujera zai ɗaga musu hannu su taho.

Yaya tana tsaye a tsakiyar hanya. Da ƙafa ta zo, ba takalmi.

Ya kashe injin. Shirun ya yi yawa.

"Ya ji fitarku," ta ce, ta goge fuska da bayan hannu. "Ya ji ƙarar sarƙa. Ya ce, 'Ta tashi.' Ya ce in gaya maka ka mayar da wayoyin nan, akwai wasu cikin gwangwanin ƙusa." Ta dube shi. "Maganarsa ta ƙarshe ke nan, Auta, ya cika."

Ya sauko ya zauna a kan sarƙar mai ɗumi. Ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin har gwiwa.

"Da ban toshe ba, da tuni muna..."

"Kar ka ƙarasa. Don Allah kar ka ƙarasa. Taso, Mama ita kaɗai ce da shi."

Ya miƙe ke nan suka ji takun gudu. Ta sabuwar hanyar da ya buɗe wani mutum ya ɓullo, baƙo, laka har ƙugu, jini yana bin gefen kunnensa. Ko sallama bai yi ba, ya dafa garmar yana haki.

"Wa ke tuƙa wannan? Tudu ya danne motar haya a kwanar gaba. Suna ciki, muna jin suna buga ƙarfe. Matata tana ciki."

Auta ya dubi gida, inda ƙofar motarsu take a buɗe har yanzu. Ya dubi Yaya. Mutumin ya riga ya kama hannun rigarsa.