Injin da Ya Ƙi Kayan Gwaggo

Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Suleja, amma a danginmu duk abin da ake jona wa wuta ni ake kira. Shi ya sa ranar Asabar da hantsi Gwaggo Sailuba, yayar babanmu, ta bugo min ta ce in zo yanzu-yanzu, injin wankinta zai tafi bola.

Tsohon inji ne, irin mai murfi a sama, ɗanta Nasiruddeen ya samo shi a gidan ogansa a Abuja. Saboda yatsunta ya kawo mata. Shekara biyu ke nan suna kumburi, in ta wanke babbar riga ɗaya sai ta kwana uku ko ludayi ba ta iya riƙewa.

A ƙofar gida na tarar da ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zaune kan baronsa yana jira. A tsakar gida kuma mijinta, Baba Bamalli, yana tsaye a kan injin kamar ya kama ɓarawo.

"Khamisu, bankwana ka zo yi masa?"

"Baba, ai ko gaisawa ba mu yi ba."

"Jiya tafiya ya yi. Daga gindin famfo har ƙofar Lidiya 'yar haya, da ƙafarsa. 'Yan haya uku sun kawo min ƙara. Na ba ka zuwa la'asar. In bai yi shiru ba, wancan mutumin ya ɗauka."

Gwaggo ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi.

Da yake akwai wuta, na juye jarka biyu na kunna shi ba kaya. Lafiya lau, kamar fanka. Na zuba jallabiyoyin Baba da zanen gado. Ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, ko tari bai yi ba.

Na ce, "Kun gani? Ya ji injiniya ya iso, ya shiga taitayinsa."

Gwaggo ta ce, "To ku ba ni wuri in sa nawa."

Muka koma zaure ni da Baba. Ina cikin ba shi labarin wayar wani ɗan acaɓa da ta faɗa cikin koko, sai muka ji dum! dum! dum! kamar ana dakan sakwara a cikin durom. Muka shigo a guje. Injin na rawa yana matsawa gaba, tiyo na binsa a baya. Na zare filogi, na kai hannu kan murfi, Gwaggo ta make min hannun.

"Kayan mata ne. Fita."

Muka fita. Da ta kira mu, injin wayam, kayan suna cikin baho an rufe da faranti.

Nan na kira Chukwuka, abokina mai gyaran firij da injin wanki a Gauraka.

Ya ce, "Wane irin kuka yana yi? Ƙiii, ko gurrr, ko kas-kas, ko dum-dum?"

"Sai ka ce mai kiran kaji."

"Khamis, ka ji magana. Ƙiii, belet ne. Gurrr kamar injin markaɗe, boris ya mutu, ka yi masa salla. Kas-kas, ƙusa ko maɓalli ya shiga ƙasa. Dum-dum, ƙafa bai zauna ba, ko sifirin ya saki, ko kaya ya taru gefe ɗaya."

Na ɗora kofin ruwa a kan murfi, na ga ruwan ya ɗan karkata, na yanki tsohon silifas na cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Na kwance bayan injin. Belet garau. Sandunan nan huɗu masu sifirin da suke riƙe da tukunyar ciki, na danna su ɗaya bayan ɗaya, duk suna dawowa. Na juya tukunyar da hannu, ba gurrr. A can ƙasa na tsinci ƙusa guda da gawar kyankyaso.

Na ɗaga ƙusar sama kowa ya gani. "Baba, ga mai laifin."

"Ai cewa aka yi ƙusa kas-kas take yi."

Ashe yana jin wayar.

"Wannan babbar ƙusa ce, Baba."

Aka sake. Kayan Baba, shiru. Muka koma zaure, Gwaggo ta sa nata. Dum! dum! dum! Har ɗan gwangwan ya leƙo yana murmushi.

Wallahi kaina ya kulle. Inji ɗaya, ruwa ɗaya, wuta ɗaya. Na sake kiran Chukwuka na ce, "Kai, akwai injin da ya san kayan mace da na namiji?"

"Wane kaya Mama yana sawa?"

"Ban gani ba."

"To je ka gani."

"Zo kai ka gani, in ga wanda zai mayar maka da haƙoranka."

Uku da rabi ta wuce. Ina tsaye a zaure da sukudireba a hannu, ban san me zan kwance ba kuma, sai ga Lidiya ta dawo daga cefane. Malamar makaranta ce, tana haya a gidan. Na tare ta.

"Anti Lidiya, ke mace ce ko?"

"Yau kuma da me ka sha shayi?"

"Don Allah shiga ki leƙa min cikin injin nan. Ni an hana ni biza."

Ta shiga. Muka ji ƙus-ƙus, muka ji Gwaggo tana "a'a, a'a", sai Lidiya ta ƙwala min kira. Ta buɗe murfin ta nuna min. Ƙunshi ne guda, ƙato, an zuba kaya cikin zani an ƙulle bakin nan huɗu tamau, yadda ake ɗaure wa mai wanki da guga. Ya sha ruwa ya koma gefe ɗaya, nauyinsa ya kai na buhun siminti.

"Gwaggo, haka kike sa shi? A ƙulle?"

"To a baje zan sa? Gida cike da 'yan haya maza, wannan ya wuce, wancan ya wuce, in tsaya a tsakar gida ina ɗaga kayan cikina ɗaya-ɗaya? Da girmana?"

Lidiya ta ce, "Mama, to yaya suke fita a haka?"

"Ba sa fita. Yana dai jiƙa min. In na kai ɗaki sai in sake wankewa da hannu."

Baba ya dubi hannuwanta, ya daɗe yana dubawa.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo shi, Malam. Ai naka yana wankewa, su ne masu nauyin."

Baba ya juya ya fita. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo da ɗan gwangwan, ya nuna masa injin, ya nuna masa banɗakin da ke cikin ɗakin Gwaggo.

"Kama masa, ku kai can."

Mutumin ya ce, "Alhaji, ba waje za a yi da shi ba?"

"Ciki na ce."

Muka ciccibe shi muka shigar. Na ja waya daga soket ɗin fanka, na saka tiyo a magudana, na mayar da silifas ɗina ƙarƙashin ƙafar don kada a ce ban yi komai ba. Lidiya ta nuna mata yadda za ta zagaya kayan a tukunya, kada su taru gefe guda. Gwaggo ta kore mu duka ta turo ƙofa.

Muka tsaya a waje, ni da Baba da Lidiya, kowa ya kasa kunne. Aka kira la'asar. Ba dum, ba kas. Wani ɗan huci kawai muke ji, shi ma ban tabbata ba ko firij ɗin maƙwabta ne.

Baba ya matso kusa da ni ya rage murya. "Anya yana aiki kuwa? Ko ka ƙarasa shi?"

"Baba, ni yanzu ko sunana ka tambaye ni sai na kira Chukwuka."

Ya ƙwanƙwasa ƙofar a hankali. "Sailuba, yana yi?"

"Yana yi, Malam. Ku tafi masallaci, kun tsaya min a ƙofa."