Tamanin ɗin Malam Modu

Ƙasa ce ke zubowa cikin kunun Malam Modu lokacin da na ɗaga labule. 'Yarsa Aisa ta rufe kofin da tafin hannu. Bangon ɗakin kuwa sai gim, gim, kamar ana daka a cikinsa.

"Baba Isyaku, ka ji ko?" ta ce. "Tun hantsi."

Na ji mana. Duk unguwar Koki ta ji. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Modu da falon Ɗantani, ginin ƙasa tun na kakanni. Ɗantanin nan da muka sani yana ƙwadago a kasuwar Kurmi, sojoji na komawa bariki sai ga shi kansila. Ya shafe nasa gefen da siminti, ya sayo kayan kallo: na'ura guda, ƙananan sifiku biyar, da wani baƙin akwati wai shi ufa. Sau uku ina zuwa roƙonsa ya rage. Sau uku yana cewa to.

Modu ya shekara arba'in yana gyaran rediyo kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na zaci kukan ciwo zai yi mini.

"Isyaku," ya ce, "yaron nan kashe kayan nan zai yi. Ji yadda ƙananan ke kuka. An ɗora wa jaki kayan raƙumi."

"Ana ta kanka, kana ta sifika?"

"Ku dai kai ni."

Ni da Aisa muka tallabe shi, taku goma sha biyu muka huta sau biyu. Ɗantani ya tare mu da babbar riga yana washe haƙora.

"Baba Modu! Ai da aikowa ka yi."



Modu ya karɓi rimot, Aisa na karanta masa Turancin da ke fitowa a talabijin.

"Kowace sifika da nata rabon," ya ce. "Siririyar murya ta ƙanana ce, mai kauri ta akwatin. Akwai iyaka inda wannan ke miƙa wa wancan. Kai ka gaya wa na'ura duk manya ne, ka kuma kai iyakar akwatin har ɗari biyu. Kowa na cin gonar kowa." Ya yi ta danna rimot yana rage lambar. " Aisa, nawa yanzu?"

"Tamanin, Baba."

"Nan ne. Kada a taɓa. Ku jawo akwatin daga kusurwa, bango ne ke ninka shi."

Na jawo shi da kaina. Aka kunna. Wallahi ni da ban san komai ba sai da na ji bambanci. Wata mata ta ajiye cokali a fim ɗin, na waiwaya ina neman cokalin. Modu ya lumshe ido yana murmushi, irin na wanda ya gama aikinsa.

Kwana biyu muka samu. Ya yi barci, ya sha kunu babu ƙasa, Aisa ta karanta masa Yasin yana bin ta da leɓe.

A rana ta uku 'yan jam'iyya suka zo. Ina zaune a sorona na ji ɗayansu yana cewa, "Honarabul, lafiya? Mun zaci an kwashe kayan ne. Daga bakin titi ko tari ba a ji!" Kafin a kira azahar bango ya koma rawa.

Na same shi a ƙofar gida. "Ɗantani, mutumin nan gargara yake."

"Allah ya ba shi lafiya, Baba. Amma siyasa ce. In ba a ji ka ba an manta da kai. Zan turo masa lemo."

Lemon ya zo kuwa, guda shida a leda.

Ran Juma'a bayan la'asar Aisa ta leƙo sorona ba ko mayafi. Da na ga idon Modu na san lokaci ya yi. Na ruga gidan Ɗantani na yi ta bugun ƙofa. Matarsa 'Yardada ta amsa daga ciki.

"Baba, ya tafi sakatariya tun safe. Ya kulle falon ya tafi da makulli, ya ce a bar kayan a kunne mutane su san gidan da rai. Ni ma kaina kamar zai tsage."

Babu kowa a falon. Kujeru ne ke kallo.

Na koma na durƙusa, na kai bakina kunnen Modu ina maimaita masa Kalmar Shahada. Leɓensa ya motsa. Na manna kunnena a bakinsa. Gim. Ya sake motsawa. Gim. Ni da na yi dillanci a Kurmi, nake jin raɗar mutum biyu daga rumfa ta uku, ban ji ko harafi ɗaya ba. Sai hannunsa ya saki nawa.

Aisa ta kama gefen rigata. "Baba, ya faɗa? Ka ji ya faɗa?"

"Ya faɗa," na ce. Allah ya yafe mini.

Muka kai shi kafin magariba. Ɗantani ya iso muna dawowa, yana share ido da hannun riga.

"Ya dai cika da Kalma ko, Baba? Alhamdulillahi. Ran addu'ar uku zan bayar da sifikuna, duk unguwa ta ji."

Na kalle shi, na kalli takalminsa mai sheƙi, na tofar da goron da ke bakina na shige.

An kashe kayan, ɗakin ya yi tsit. Aisa na tsaye da tsintsiya ta kasa sharewa. Jar ƙasa ta rufe tabarma da matashi, sai dai tsakiyar matashin, inda kansa ya kwanta, fari fat.