Littafin da Hajjo Ta Buɗe Daga Dama

Littafin ya shigo gidan ne a kwalin lemo. Maikano yana tuƙa motar kayan gwari a kasuwar Aziziya, can ƙasar Larabawa, kafilinsa kuma, wato Balaraben da yake yi wa aiki, ya ba shi tsofaffin littattafan 'ya'yansa. Duk na Larabci ne, ban da guda ɗaya da bangonsa ya yage gaba da baya. Hotunan wasu ƙatti ne masu kama da ƙadangaru, yara suka ce sunansu dainasur.

Hajjo, matar Maikano, allo ta yi, ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa yarda akwai abin da ya fi ƙarfinta ba. Ta buɗe littafin daga dama, kamar kowane littafi a gidan, ta dubi hotuna ta haɗa labarinta.

A shafinta na farko ga ɗan dainasur mai gajerun hannaye yana dariya cikin 'yan'uwansa. Gaba kaɗan yana harara yayansa mai dogon wuya. A ƙarshe yana zaune shi kaɗai a bakin ruwa, yana kuka. Hajjo ta ga ta samu magani a sama, domin 'ya'yanta biyu sun ishe ta da faɗa. Babban, Ghazali, dogo ne, ga baki, ga ƙoƙari a makaranta. Kamil kuwa gajere, Hausarsa ma sai ta bi ta Larabci kafin ta fito. Kullum ya taɓa kayan yayansa sai ta ɗauko littafin, ta nuna masa inda mai hassada yake ƙarewa.

Maganin ya ci. Kamil ya daina faɗa, ya daina gardama, har Hajjo tana yi wa maƙwabta alfahari. Ba ta lura ya daina zama cin abinci kusa da kowa ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta sake ɗauko littafin, Ghazali ya kasa daurewa.

"Umma, na Turanci ne. Daga hagu ake farawa."

Ya karɓa ya juya, ya karanta musu yana fassarawa. Ashe kukan bakin ruwa shi ne farkon labarin. Ɗan dainasur ya tsani hannayensa, ya so ya zama yayansa, har ranar da ƙwai ya faɗa rami, babu wanda ya iya shiga sai shi. Dariyar nan cikin 'yan'uwa ita ce ƙarshe.

Hajjo ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta tambayi Ghazali tun yaushe ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce tun tuni, amma labarinta ya fi yi masa daɗi. Ta buɗe baki za ta yi masa faɗa, sai kunya ta hana ta. Shi shiru kawai ya yi, ita ce ta yi ta maimaitawa da bakinta.

Ta jawo Kamil jikinta, tana ta cewa ya gani, ashe ba a kore shi ba, ashe gajerun hannayen ne suka yi rana. Yaron ya daɗe yana kallon shafin dariyar. Sannan ya mayar da littafin yadda ta saba riƙewa, ya buɗe wurin ruwan, ya ɗora yatsa a kan mai kukan.

"Amma Umma, ke kin ce shi ya jawo wa kansa."

"Kuskure na yi, Kamil. Ban iya karatun ba."

"Ba karatun ba," in ji shi, yana laluben Hausar. "Da kike faɗa, ni kike kallo."

Hajjo ta riƙe ƙananan hannayensa duka biyu, ta ce wa Ghazali ya sake farawa daga hagu.