Jinin Yari Ya Yi Yawa

A ƙasarmu in mutum ya ce yana jin jiri, nan take kowa ya zama likita. Jini ne ya yi ƙaranci, a sayo maganin ƙarin jini na kwalba a kemis, a dafa hanta da zogale. Haka Inna Asabe ta Kwargaba ta yi wa babban ɗanta Sale, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gonar albasa, ɓarin jikinsa ya mutu, bai ƙara tashi ba. Yanzu ƙanensa Yari ya fara irin jiri da ciwon kan da Sale ya yi, ita kuma ta koma kemis.

Dokta Uwaliya Halilu 'yar Wurno ce, daga gidan malamai. Bincikenta a kan yadda jiki ke gane iskar oksijin ta yi masa kaɗan ne. Ta dawo gida a shekarun da ruwan dam ɗin Goronyo ya tayar da noman rani, tana bin ƙauyuka tana auna jinin manoma, yawancinsu masu sikila da waɗanda zazzaɓi ya tsotse. Da ta zo kan Yari, sai ta zaci na'urarta ce ta lalace. Ta sake gwadawa. Jinin nan ya yi kauri, da ƙyar yake hawa sirinji, ga idanun mutumin jajur.

Ta bi shi har gida ta yi bayani a tsakar gida. Ta ce akwai abin da ke cikin jiki yana lura da iskar da jini ke ɗauke da ita, in ta ragu sai ya sa a ƙara jini. Na Yari ya maƙale, kamar mai buɗe ƙofar ruwa da ke zaton kullum gonaki a bushe suke. Gado ne, kuma maganin gyara shi take nema, ba ta samu ba tukuna. Abin da ke hannunta shi ne a riƙa rage jinin lokaci-lokaci, leda guda, kafin ya toshe wata jijiya a kai ko a zuciya.

Daga jin an ce a rage jini, Inna Asabe ba ta ƙara sauraren komai ba. Ta ce ita tana ƙarawa, wata za ta zo ta kwashe? Yari kuwa magidanci ne mai iyali, amma in uwarsa ta ce a'a, ko allura ba ta taɓa shi.

Da wata ce, da ta haƙura, ta rubuta abin da ta gani ta wuce Rabah. Uwaliya ba ta iya haƙura ba. Ta riƙa hawa kabu-kabu tana zuwa, ta gaishe da tsohuwar, ta sha fura, ta sake ɗauko zancen. Ta kawo misalin ƙaho, Inna Asabe ta ce wanzami mataccen jini yake cirewa, wannan kuwa mai rai ne. Aka fara raɗe-raɗin wai jini take kai wa Sakkwato ta sayar. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma wanda ya fi cin ranta shi ne zancen Sale, da ta kasa furtawa saboda tausayin uwar.

Wata safiya Yari yana buɗe wa albasa ruwa, fartanya ta suɓuce daga hannunsa, harshensa ya yi nauyi. Kafin a kawo shi gida abin ya sake shi. Matarsa Ma'u ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika Wurno. Uwaliya ta iso da kayan aikinta, ta tarar da Inna Asabe a kan ɗanta, kwalba a hannu ɗaya, cokali a ɗaya.

"Inna, ki aje cokalin ga, don Allah."

Tsohuwar ta dube ta. "Ɗiyata, haka Sale yas soma. Ki gaya mini gaskiya, mi yat tahi da shi?"

"Kwana na Allah ne, Inna. Ban auna Sale ba. Amma duk abin da anka gaya mini nai, ciwon ga na. Jini nai yawa yay yi."

"Ni kau ina ƙara mishi."

"Ba ki sani ba. Yau kin sani, kuma Yari na da rai."

Uwaliya ta ji kamar ta janye abin da ta faɗa, amma ba ta janye ba. Inna Asabe ta ajiye cokalin a ƙasa, ta naɗe hannun rigar Yari da kanta, ta ɗora hannunsa a cinyarta ta danne. Allura ta shiga. Ledar ta riƙa cika a hankali da jini mai duhu, tsohuwar tana kallo, hawaye na zuba, ba ta kau da kai ba har aka gama.

Uwaliya tana haɗa kayanta, Inna Asabe ta kama bakin mayafinta.

"Ɗiyan Sale na ɗaki. Ba ki tahiya sai kin duba su."